Idan yaro ya ce 91 ba ta rabuwa

Iyaye da malaman firamare sukan kawo wannan kuka: yaro ya iya jadawalin sau, amma da an ba shi 91 aka tambaye shi ko tana cikin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, waɗanda ake kira firam a aji, sai ya amsa da e. Haka zai ce a kan 51 da 57 da 87. Alhali dukkansu suna rabuwa: 3 sau 17 ne 51, 3 sau 19 ne 57, 3 sau 29 ne 87, ita kuwa 91 ai 7 ce sau 13.

Laifin ba na ƙwaƙwalwar yaron ba ne. An sa shi ya haddace 2, 3, 5, 7, 11, 13, jadawalinsa kuma ya tsaya a 12 sau 12. Saboda haka duk lambar da ya ga mara ce, bai kuma taɓa cin karo da ita a jadawali ba, sai ya ɗauka firam ce. Abin da ya rasa shi ne hanyar gwaji, da sanin inda gwajin zai tsaya.

Ku fara da ƙwayar wake 36 a kan tabarma. Ku ce ya jera su layi-layi daidai wa daida. Zai sami layi 1 na 36, layi 2 na 18, 3 na 12, 4 na 9, sai 6 na 6. Idan ya zarce, 9 na 4 zai samu, wato wanda ya riga ya gani ne aka juya. A nan duk sirrin yake: lambobin da ke raba wata lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarama da babba, kuma ƙaramar, idan aka ninka ta da kanta, ba za ta taɓa wuce ainihin lambar ba. Don haka ba sai an gwada komai ba.

A ɗauki 97. Ba ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 ba, 2 ba ta shiga. Tara 9 da 7 ya ba da 16, wadda 3 ba ta raba, to 3 ma ta fita. Ba ta ƙare da 5 ba. Da 7 kuwa saura 6 ya rage. Mai bi ita ce 11, amma 11 sau 11 ya kai 121, ya wuce 97. An gama, firam ce. Ba a gwada 4 ko 6 ko 9, domin abin da 2 da 3 suka kasa rabawa, ninkinsu ba zai raba ba. Bakwai ɗin nan ita yara suka fi tsallakewa, saboda ba ta da wata alama mai sauƙi, ita ce kuma ke tona asirin 49 da 77 da 91. A dage a kanta. Bayan ya ƙware, a jarraba shi da 221, wadda sai an kai 13 kafin ta buɗe.

Rana guda kuma ku sa shi ya rubuta 1 zuwa 100, ya soke 1, wadda mai raba ta ɗaya ne tak, sannan ya soke ninkin 2, 3, 5 da 7, ya bar su su kansu. Lambobi 25 za su tsira. Wannan tankaɗe na Eratosthenes ne, masanin Girka da ya shugabanci ɗakin karatun Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a ganina ya fi haddar sati guda amfani.

Wani ruɗanin shi ne cakuɗa masu raba lamba da ninkinta. Masu raba 8 huɗu ne, ba kuma wadda ta fi 8; ninkinta kuwa 8, 16, 24, ba iyaka. Ku nuna masa amfanin bambancin a rabon gado. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa tana da tumuni, mahaifiyarsa sudusi. Malamai ba sa kasa dukiyar kashi 48, sai 24, domin ita ce mafi ƙanƙantar lamba da 8 da 6 duka ke rabawa. Matar ta ɗauki kashi 3, uwar ta ɗauki 4.