Saran bedi a tsakar gida

A Maraɗi da wuya ka shiga unguwa ba ka ga bedi ba. Asalin wannan icce daga ƙasar Indiya ne. Yana girma da sauri, yana ba da inuwa ko da rani. Amma idan rassansa sun yi nauyi, iskar farkon damina tana iya karya su. Shi ya sa a watan Afrilu ko Mayu masu gidaje suke neman mai sara. Haka ake yi a Tibiri da Jiratawa.

Hawa icce ba shi ne farkon aiki ba. Farkon aiki shi ne magana. Mai sara na kirki yakan zagaya iccen tare da mai gida, ya ce:

— Alhaji, wane reshe za a cire, wane za a bari?

— Cire wanda ya hau kan ɗaki. Amma ka bar mini inuwata.

— Ranka ya daɗe, inuwa za ta ragu bana. Sai ruwa ya sauka bedi zai sake toho. Itacen fa, naka ne ko nawa? Wa zai kwashe ganye? Idan katanga ta tsage, wa zai gyara?

Sai sun daidaita a kan waɗannan, da kuɗin aiki, gaban shaida. A kuma sanar da maƙwabci, don reshe bai san iyakar gida ba.

Daga nan a kau da randa da tukwane, a ɗaure awaki nesa, a fitar da yara. Mai sara yana fara rage ƙananan rassa. Babban reshe kuwa, sai ya ɗaure shi da igiya, wani ya riƙe a ƙasa, a sauke shi sannu. Yana fara sara daga ƙarƙashin reshen, sa'an nan daga bisa. In ba haka ba, reshen zai ɓalle ya yage ɓawon icce, gara ta sami ƙofa.

Akwai abu biyu da ba a yi musu gaggawa. Idan reshe ya taɓa wayar wuta, kada kowa ya hau, sai an kira ma'aikatan NIGELEC. Idan kuma iccen gawo ne, doka ta kare shi, sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Aiki bai ƙare ba sai an share wuri. A tara itace gefe guda, a kwashe ganye da amalanke, kada a zuba shi cikin lambatu ya toshe hanyar ruwa. Idan an yi ɓarna, ko da kwano ɗaya ne ya lotse, mai sara ya nuna wa mai gida da kansa. Wanda ya ɓoye ɓarna, ba a sake kiransa.

Tambayoyi

1. Don me ake sarar bedi kafin damina?
2. Waɗanne abubuwa ake daidaitawa kafin a hau icce?
3. Don me ake fara sara daga ƙarƙashin reshe?
4. Reshen gidanku ya faɗa kan katangar maƙwabci. Me ya kamata a yi?

Aikin gida

Dubi iccen gidanku. Zana shi, ka nuna reshen da yake da haɗari.