Ɗan Kunkuru Ba Kififiya Ba Ne

Da na koma gida Bauranya hutun damina, ƙanena ya tsinto 'ya'yan kunkuru uku a bakin gonarmu, kowanne bai wuce ƙwan kaza girma ba. Shi a zatonsa kififiya ce, sai ya jefa ɗaya cikin bokitin ruwa. Kafin in iso ya mutu.

To, 'yan'uwana, ƙafa ake dubawa. Ta kififiya shimfiɗaɗɗiya ce, da fata tsakanin yatsu domin iyo. Ta kunkuru kuwa dunƙulalliya ce kamar ta giwa, bayansa kuma a tudu yake. Bai iya iyo ba sam.

Da na juya sauran biyun, sai na ga ɗan kumburi rawaya a cikinsu. Ragowar gwaiduwa ce, ita ke ciyar da su kwanakin farko. Kada a taɓa ta, da kanta take shigewa.

Na zuba yashi a akwati, na sa su a inuwa, na rufe da raga saboda shirwa da hankaka. Ɗanyar ciyawa da ganyen rama ne abincinsu, ban da tuwo. Kowace safiya nakan tsoma su a faranti, ruwan bai wuce haɓarsu ba.

Yanzu ina makaranta, ƙanen nawa ke kula da su. Inna ta ce za ta sa masa ido.