Yadda Ake Kai Maganar Gari Gaban Hukuma Game da Gandun Daji

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na rubuta wa mutanen ƙauyukanmu takardar koke game da daji da makiyaya da burtali, kuma na zauna a tarukan da hukuma ke kira domin jin ra'ayin talakawa, inda ake tambayarsu ko a gyara gandun daji a zuba masa ayyuka, ko kuwa a killace shi a bar shi yadda Allah Ya halicce shi. Shawarar da masu gaggawa kan bayar ita ce a cika mota da jama'a, a je a ɗaga murya. Wannan shawara ba ta da amfani, domin murya tana ƙarewa tare da taron, amma abin da aka rubuta, aka auna, aka sa wa hannu, shi ne ke shiga fayil, kuma da fayil ake yanke hukunci. Mutanen Dakko da sauran ƙasar Bakura da Maradun da Talata Mafara ba sa bukatar a koya musu muhimmancin wannan, tun da kakanninsu sun ga yadda madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta cinye gonaki ta tayar da garuruwa, har rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980.

Da farko, ka san sunan wurin a wajen hukuma. Gandun daji daban, makiyayar da aka keɓe bisa dokar Jihar Arewa ta 1965 daban, gandun namun daji irin na Kuyambana da ke kudancin Zamfara, maƙwabcin gandun Kamuku, shi ma daban, kuma kowanne da ofishin da ke riƙe da shi. Malamin daji na ƙaramar hukuma zai gaya maka. Ka sanar da dagaci da hakimi kafin ka ɗaga ƙafa.

Na biyu, idan aka ce za a inganta dajin, ka nemi a fassara maka kalmar, domin a ƙarƙashinta akwai abubuwa da dama waɗanda ba su yi kama da juna ba. Wani yana nufin a haƙa dam na ƙasa da rijiyoyin burtsatse, a shuka ciyawa, a gina asibitin dabbobi da makaranta, kamar yadda aka nufa da rugar da gwamnatin jiha ta soma ginawa a Maradun. Wani yana nufin a dasa dalbejiya da turare jeri-jeri. Wani kuwa, kuma shi ne abin tsoro, yana nufin a yanka dajin gona-gona a raba wa masu hali. Haka nan kalmar kiyayewa: tana iya zama hana gatari da gawayi da ƙunar daji, wanda kowane mai hankali zai so, tana kuma iya zama hana tsohuwa tsinkar kuka da hana makiyayi shayar da shanunsa. Kada ka ce na yarda, kada ka ce ban yarda ba, sai an bayyana maka wanne ake nufi, a rubuce.

Na uku shi ne zagayen iyaka, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na taɓa yin asara. Wata shekara na rubuta wa wani gari takarda mai kyawun lafazi, cike da hujjoji, na ce burtalinsu ya taso daga bakin gulbi ya bi ta gabas da tsamiya har ya shiga daji. Da aka zo wajen taro sai wani ma'aikaci ya tambaye ni, cikin ladabi, wace tsamiya, kuma faɗin burtalin taku nawa ne, sai na rasa ta cewa, alhali kuwa tsamiyar an sare ta shekaru biyu kafin nan. Takardar ta mutu a wurin, burtalin kuma ya bi ta.

Saboda haka ka tara waɗanda suka san ƙasar da ƙafafunsu: Ardo ko wani dattijo daga cikin Fulani, Sarkin Noma, maharbi tsoho, masunci idan akwai tabki, da mace biyu ko uku daga cikin masu itace da ɗiban kaɗe da ɗorawa, waɗanda sau da yawa sun fi maza sanin inda kowace bishiya take. Ku bi iyakar tare, ku nemi turakun siminti na hukuma idan sun saura, kuma a kowace alama, dutse ne ko mashaya ko tsohuwar maƙabarta ko kufai, a tsaya a rubuta sunanta kamar yadda mutanen wurin ke kiranta, a ɗauki hotonta, a rubuta lambobin da waya ke nunawa na matsayin wurin. Wayar Tecno ta talaka ta isa wannan aiki, in dai an cika mata wuta tun dare. Faɗin burtali a auna shi da igiya mai tsawon da aka sani, a wurare uku ko huɗu, musamman inda gonaki suka matse shi. Rubutun kuwa a yi shi da biro Bic a cikin babban littafi mai bango mai tauri, irin na 'yan kasuwa, domin warwarar takarda ɓata take yi, tawadar alƙalami kuma gumi na wanke ta. Kuɗin duka bai taka kara ya karya ba. Man babur da goron dattawa su ne suka fi ci.

Sharaɗi ɗaya ba na sassauci a kansa. Halin rashin tsaro da dazuzzukan Zamfara ke ciki a yau sananne ne, kuma babu takardar da ta kai ran mutum daraja. Inda ba a iya shiga, a zauna a zaure a zana taswirar a ƙasa daga bakin dattawa, a kwafe ta a littafi, a rubuta a fili cewa daga ƙwaƙwalwar shaidu aka ɗauko ta, tare da sunayensu. Bayyina ce mai rauni, amma ta fi babu.

Bayan iyaka sai amfani, kuma a jera shi bisa lokutan shekara: wa ke shiga da damina, wa ke shiga da kaka, wa ke dogara da wurin a tsakiyar bazara sa'ad da gawo ke zubar da 'ya'yansa ga awaki. A rubuta namun da suka saura, zomo da fakara da zabon daji da damo da dila, a kuma rubuta waɗanda dattawa suka sani da ƙuruciya suka daina gani, kamar barewa da gada da kura, domin wannan shi ne hujjar masu son a kiyaye. Ni kaina ina cikinsu a mafi yawan lokaci, saboda dam ana gina shi a rani guda, amma marke ko kaɗanya da aka sare sai jikan mai saran ya tsufa kafin a sami madadinta.

Na huɗu, ku daidaita a gida kafin ku fita. Manomi da makiyayi da suka yi jayayya a gaban baƙo sun ba shi izinin yanke abin da ya ga dama. Hanyar da na ga ta fi karɓuwa ita ce a raba dajin kashi-kashi: cibiyar da ba a taɓawa, gefen da ake kiwo da tsinka bisa ƙa'ida, da bakin da za a yarda a yi mashaya da dashe. Liman yana da abin faɗa a nan, domin fiƙihu ya san hima, wato keɓe yankin ƙasa, tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Malamai sun yi bayanin harimin rijiya da na gari, sun kuma shardanta cewa keɓewar shugaba ta kasance domin maslahar jama'a, ba domin kansa ko makusantansa ba.

Na biyar, takardar kanta. Shafi biyu sun isa, da Hausa, a haɗa da fassarar Turanci, taswira da hotuna a baya. A ambaci cewa dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, kuma idan aikin babba ne, dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar duba rahoton su yi sharhi, wanda a al'ada ake baje shi kwana 21 na aiki. Wanda ya bari kwanakin suka wuce ya makara.

Ranar taro a zaɓi masu magana uku, manomi da makiyayi da mace, kowa da batunsa, kada babban mutum ɗaya ya haɗiye lokacin da godiya da kirari. Ina gargaɗi da babbar murya game da takardar halarta: kada kowa ya dangwala yatsa a kan farar takarda wadda ba a rubuta kanunta ba, domin na ga an mayar da irinta shaidar amincewa. A nemi a karanta abin da magatakarda ya rubuta kafin a watse.

Daga nan sai a yi kwafi huɗu, na ofishin da ke riƙe da dajin, na ƙaramar hukuma, na fadar sarki, da na gari, kuma a tsaya har sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan na garin. A sa shi a leda a ajiye wajen liman ko dagaci tare da littafin zagaye. Bayan wata guda a koma a tambayi inda maganar ta kwana, da kwafin a hannu, kuma wanda zai je ya zama mutum mai haƙurin zaman benci.