Darasin Kuɗi a Gida: Yadda Zai Kai Yaro ga Kiredit

Iyaye da yawa a Farin Dutse da kewayen Gwaram sun koya wa 'ya'yansu juya kuɗi tun kafin su iya rubuta sunansu. Yaron da ke bin babansa kasuwar Sara ya san uwar kuɗi, ya san riba, ya san ranar faɗuwa. Yarinyar da ke karɓo wa mahaifiyarta zubin adashi ta san wanda ya kwasa da wanda ke jira. Ilimi ne na gaske, amma ranar neman gurbin karatu takarda ake tambaya.

A Amurka, uban da ke karantar da ɗansa a gida shi ke rubuta masa sakamako: kimanin sa'a 120 na karatu kiredit ɗaya, sa'a 60 rabi. A Najeriya sa hannun uba ba ya zama kiredit. Sai yaro ya zauna jarrabawar WAEC, NECO ko NABTEB, ya samu daga A1 zuwa C6. Don haka ga shawarata.

Da farko, a saya masa littafi guda na musamman. Kowane darasi a rubuta kwanan wata da abin da aka koya. Sa'a biyu a mako, mako 30, ya ba da sa'a 60.

Na biyu, a ba shi jari, ko da naira 10,000 ne, ya sari riɗi ko gyaɗa da kaka. Ya rubuta kuɗin saye, na mota, na dako da na buhu, sannan ya fitar da ribarsa da kansa. Idan ya faɗi, kada a yi masa faɗa. A zauna tare a gano inda kuɗin suka zurare.

Na uku, a sa zakka cikin lissafin: ɗaya cikin 40 na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin 10 na hatsin damina, ɗaya cikin 20 na noman ban-ruwa. A nuna masa rubuta bashi da shaidu, da bambancin riba da kuɗin ruwa.

Na huɗu, duk ƙarshen wata uku a roƙi wani malamin sakandare, a Gwaram ko Birnin Kudu, ya gwada shi da tsofaffin tambayoyin darasin kasuwanci da na tattalin arziki. Ido na waje ya fi na uba ganin giɓi. A nan ne zai koyi sunayen Turanci na abin da ya riga ya iya.

In ya nuna, a yi masa rajistar jarrabawar a makarantarsa. Wanda ya bar aji kuma, akwai jarrabawar 'yan waje da WAEC da NECO ke yi ƙarshen shekara. A tuna, jami'a na neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi.

Wannan darasi ƙari ne kan boko da islamiyya, kada ya zama dalilin cire yaro daga aji. A fara da littafin nan a kakar bana, tun kafin buhun farko ya bar gida.