Yadda Magidanci Zai Kafa Dandamalin Katako a Gidansa

Dandamalin katako wurin zama ne da ake kafawa a bayan ɗaki ko a gefen lambu, a ɗaga shi daga ƙasa domin iyali su sha iska ba tare da sun taka taɓo ba. Magidancin da bai taɓa aikin kafinta ba yana iya yin sa da kansa, muddin ya gane cewa ƙarkon dandamali yana ƙarƙashinsa, inda ido ba ya gani. Abokan gabansa biyu ne: gara da damshi.

Wanda yake zaman haya sai ya fara neman iznin mai gida. Haka kuma a tabbata babu bututun ruwa ko wayar lantarki a inda za a haƙa, kada kuma a rufe bakin masai.

Ga sabon hannu, tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8 ya isa, domin yawancin katakon kasuwa ƙafa 12 ne, saboda haka yanka zai yi kaɗan. A kafa turaku huɗu a ja igiya. Don kusurwa ta daidaita, a auna ƙafa 3 a jikin igiya ɗaya, ƙafa 4 a jikin ɗayar. In tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5, to kusurwa ta yi. Sa'an nan a nome ciyawa, a tone duk wani kututture ko saiwa, gama abincin gara ne, a zuba tsakuwa.

Kada katako ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Nan ne mutane da yawa suke yin asara: su binne gindin katako cikin rami, damina biyu ko uku ya ruɓe. Abin da ya kamata shi ne a zuba ginshiƙan kankare guda 12, layi uku, huɗu a kowane layi, ƙafa 4 tsakaninsu. Haɗin kankaren kwano ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kowane ginshiƙi ya ɗara ƙasa da aƙalla inci 6, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. Wannan tazara tana barin iska ta ratsa, tana kuma tona asirin gara, domin dole ta gina hanyarta ta laka a jikin kankare kafin ta kai ga katako, mai gida kuwa ya gani ya rushe.

Wajen sayen katako ba a son rowa. Loko, wanda 'yan katako suke kira iroko, da opepe suna jure gara da ruwa. Obeche yana da araha da sauƙin yanka, amma ba na waje ba ne. A nemi busasshe, domin ɗanyen katako da aka kawo daga Kudu yakan tsuke ya tsage da zarar hunturu ya buga shi. A shafe shi da maganin gara irin su Solignum, musamman bakin da zarto ya ci. Baƙin man mota da wasu suke shafawa yana ɓata tufafi, kuma bai dace da inda yara suke rarrafe ba.

A ɗora manyan katakai uku a kan ginshiƙan, a ɗaure su da ƙarfe. A bisansu a gicciya katakai masu inci 2 da 6, tsakanin kowane biyu inci 16. A bar dandamalin ya ɗan karkata, kamar inci ɗaya a tsawon ƙafa 8, yadda ruwan sama zai gudu nesa da bango.

Allunan sama kada faɗinsu ya wuce inci 6, gama faffaɗan allo yakan lanƙwashe ya tara ruwa. Tsakanin allo da allo a bar 'yar kafa. Kusa mai inci 4 in an soka ta a tsakani ta isa ma'auni. A yi amfani da kusoshin da ba sa tsatsa. Loko yana da tauri, sai a fara huda shi kafin a buga kusa, in ba haka ba bakin allon ya tsage.

Bayan an gama, kada a aza murhu ko kaskon wuta a kai. Kowace shekara kafin saukar damina a leƙa ƙarƙashi, a share ganyen da ya taru, a sake shafa magani.