Darasin Kimiyya: Altaneta Mai Caji Yau, Gobe Ta Ƙi

Ɗalibai, misalinmu na yau tsohuwar Sharon ce, irin wadda ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna. Jar fitilar batir tana kunnuwa a dashbod ta sake mutuwa. Wata rana motar ta tashi lafiya, wata rana sai an tura. Ɗan rewaya ya auna da safe ya ce komai daidai. Gaskiya ya faɗa, domin a lokacin tana caji.

Mu fara da tushe. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, lantarki zai gudana a wayar. A kan wannan aka gina altaneta. Fanbel yana juya rota, wadda ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige ta, kuma wutar tana shiga ne ta kabon guda biyu da ke gugar zobba biyu. Naɗin waya uku da ke kewaye da rota suna haifar da wuta mai kai da komo, diyod shida su mayar da ita mai bin hanya ɗaya, irin wadda batir ke karɓa. Sai aisi, mai ƙara wa rota wuta ko rage mata don kada caji ya wuce kima.

Ku riƙe lambobi biyu. Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 a mita. Idan inji na aiki, ana son a ga tsakanin 13.8 da 14.5. In kuwa mita ta tsaya a 12 da ɗan ɗoriya, motar batir take ci.

Matsala mai zuwa ta tafi sai an kama ta tana kan aikinta, kuma abu uku ne ke tono ta: zafi, girgiza da nauyin wuta. A jona mita a ramin caji na gaban mota, a kunna fitilu da esi, mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya zuba wa mita ido yana rubuta lokacin da lamba ta faɗi.

Idan ta faɗi tare da ƙarar ƙii, musamman bayan an ratsa ruwa, fanbel ne ke zamewa, ko abin ɗaure shi ya saki. Idan sai inji ya yi zafi sosai, a zargi aisi ko dalmar da ta tsage a ciki, wadda ke buɗewa da zafi ta haɗe da sanyi. Idan a kan gargada ne, to waya ce ko kabon. Kabon da ya cinye ba ya samun isasshen matsi daga sifirin ɗinsa, yana taɓawa yana ɗagawa. A ɗan ƙwanƙwasa jikin altaneta da ƙotar sukundireba, nesa da fanbel. In caji ya dawo nan take, kusan kullum kabon ne.

Gwajin da na fi so ku ƙware a kansa shi ne na asarar wuta a waya, domin altaneta da yawa ana canja su ne ba su da laifi. Inji na aiki, fitilu a kunne, a ɗora bakin mita ɗaya a babban notin bayan altaneta, ɗayan a kan batir mai alamar tarawa. Bai kamata a ga fiye da rabin bolt ba. Daga jikin altaneta zuwa ɗaya kan batir ɗin kuma, kada ya wuce 0.2. Dokar Ohm ce ke aiki a nan. Mahaɗa mai tsatsa da turjiyarta ba ta wuce om 0.01 ba, idan amfiya 80 ta bi ta, za ta cinye bolt 0.8, ta kuma fitar da zafin wat 64 a wurin da bai kai kan yatsa ba. Zafin yana ƙara ɓata mahaɗar, ita kuma ta ƙara zafi. Shi ya sa a Sharon ake duba akwatin fis da ke kusa da batir, inda wayar altaneta ke shiga, a ga ko robar ta narke. A girgiza wayoyin da filogin altaneta ana kallon mita.

Wata al'ada ta gareji kuma ina roƙonku ku guje ta: cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko mota za ta mutu. Batir ne ke shanye hauhawar wuta. Da zarar an cire shi, bolt na iya tsalle ya ƙona diyod ko ƙwaƙwalwar motar.

Aikin gida: mita ta nuna 14.3 a bayan altaneta, 13.1 a kan batir, amfiya 60 na gudana. Ku lissafa turjiyar hanyar da zafin da take fitarwa, sannan ku faɗi abin da za ku fara kwancewa.