Me Ya Sa Talabijin Ke Ƙin Karɓar Filashi?

A Bafarawa da Isa da Sabon Birni, akan kai filashi wurin masu tura fina-finai a cika shi, a zo gida a soka a talabijin, amma hoto ya ƙi fitowa. Nan take sai a ce akwatin ya lalace. Sau tari ba haka ba ne.

Ɗaliban ilmin halittu za su tuna darasin inzayim, wanda Emil Fischer ya kwatanta da kwaɗo da mabuɗi a 1894: kowane kwaɗo da mabuɗinsa. To, haka talabijin yake.

Na farko, tsarin ajiya. Tsofaffin akwatuna da yawa FAT32 kaɗai suka sani, tsarin da Microsoft ya fitar a 1996, wanda ba ya ɗaukar fim ɗin da ya kai gigabait 4. In filashin yana kan NTFS ko exFAT, ba za su gan shi ba.

Na biyu, yadda aka matse fim ɗin. Akwatin da ya san H.264 yana iya kasa buɗe H.265.

Na uku, wuta. Kafar USB 2.0 miliyamfiya 500 take bayarwa, babban faifan ajiya kuwa yakan so fiye da haka.

Saboda haka, kafin ka kai wa mai gyara kuɗinka, mayar da filashin FAT32 a kwamfuta. Amma fa ka fara kwashe abin da ke ciki, domin yin hakan yana share kome.